Yadda ake haɗa kayan rainon jarirai a gida, ga mai shirin buɗe gidan raino a Zariya

Zariya gari ne na ma'aikata da ɗalibai. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ban da bankuna da makarantu masu zaman kansu. Duk wuraren nan cike suke da mata masu shayarwa. Gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta mata a 2019, amma hutun ma'aikaciyar gwamnatin tarayya bai kai haka ba, ita kuwa ɗaliba babu wanda ke ɗage mata jarrabawa don ta haihu. Shi ya sa za ki ga uwa da jinjiri ɗan wata huɗu tana neman inda za ta ajiye shi daga safe zuwa la'asar. A da kaka ce ko ƙanwa ke riƙewa. Yanzu kaka tana wani gari, ƙanwa tana makaranta.

Idan kina da ɗaki a gidanki kuma kina son ki shiga wannan sana'a, abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne tsarin kashe kuɗin. Yawancin masu farawa sukan fara da fenti mai launi da hotunan bango da talabijin, saboda su ne uwa ke gani ranar da ta zo duba wuri. Amma abubuwan da ke kare ran jariri huɗu ne: inda zai kwanta, abin da zai shiga bakinsa, tsaftar hannun da ke taɓa shi, da iskar da yake shaƙa. A nan kuɗinki zai fara shiga. Kwalliya ta jira sai sana'a ta kankama.

Mataki na farko: ƙidaya hannuwa, sannan ki zaɓi ɗaki

Kafin ki sayi ko cokali, ki yanke adadin jariran da za ki karɓa, domin komai a kansa za a lissafa. A Ingila doka ta ce a gidan raino babba ɗaya ba zai riƙe yara fiye da uku ba in ba su kai shekara biyu ba. Wannan ƙa'ida ce mai ma'ana a ko'ina. Mace ɗaya hannu biyu gare ta da baya ɗaya. In kina ke kaɗai, ki tsaya a kan biyu ko uku, kuma ko da hakan ki tabbata akwai wata babba a gidan da za ta tsaya a kansu lokacin da za ki yi salla ko ki kewaya. Yarinya 'yar shekara goma ba ta cikin lissafin manya, komai hankalinta.

Ɗakin ya kasance mai taga biyu da ke fuskantar juna ko kusa da haka, don iska ta riƙa ratsawa, kuma a sa musu wayar sauro. Ya yi nesa da kicin da inda ake tayar da janareta. Hayaƙin janareta da na gawayi suna ɗauke da gubar da ba ta da wari, kuma jariri ne take fara kayarwa. Saboda haka kaskon wuta ba ya shiga ɗakin raino, ko da sanyin Disamba da Janairu ya kai inda ya kai. In ɗakin babu silin, ki sa a yi masa, don kwanon rufi a watan Maris da Afrilu yakan mayar da ɗaki wurin da babba ma ba ya iya zama.

Daga nan sai ki durƙusa ki rarrafa cikin ɗakin da kanki, ki duba shi daga tsayin yaro. Za ki ga soket ɗin da ke kusa da ƙasa, wayar caja da ke lilo, igiyar labule, ƙusar da ta leƙo daga ƙafar kujera. A toshe soket ko a sa kabad a gabansa, a ɗaure kabad ɗin da bango don kada mai koyon tsayuwa ya janyo shi. A sa ƙaramar ƙofar katako mai sakata a bakin ɗaki, wadda kafinta zai yi miki a yini ɗaya. In akwai rijiya a tsakar gida, a yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo. Fanka ta sama ta fi ta ƙasa aminci. Ki nemi mai caji ko mai sola guda ɗaya saboda ɗaukewar wuta, ki ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa, kuma kada ki saita ta kai tsaye a kan jariri. Ki kuma leƙa sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarki, Zariya ko Sabon Gari, ki ji abin da ake buƙata na rajista tun kafin ki kafa allo.

Mataki na biyu: gado

A nan zan daɗe, domin barci ne ke cin mafi yawan yinin jariri, kuma a cikin barci ne ake rasa jarirai ba tare da an ji ko kukansu ba.

Kowane jariri da gadonsa. Ba a haɗa biyu a gado ɗaya, ba a jera su a kan babbar katifar manya. Kina iya sayen gado a shagunan kayan jarirai na kasuwar Sabon Gari, amma ni na fi son a ba kafinta, saboda za ki tsaya a kansa ya yi daidai da awon da kika ba shi. Ki rubuta masa a takarda. Faɗin ciki santimita 60, tsawo 120. Tazarar da ke tsakanin sandunan gefe kada ta wuce santimita 6, wato kamar faɗin yatsu uku na babba. In ta wuce haka, jikin jariri na iya zurarewa kansa ya maƙale. Daga saman katifa zuwa saman shingen kada ya gaza santimita 50, don wanda ya fara miƙewa kada ya faɗo. Kada a yi masa ado mai tsini ko ƙusoshi a kusurwa inda riga za ta iya sarƙewa. A goge katakon ya yi sumul, kuma in za a shafa wani abu a bari ya bushe a waje har warin ya fita gaba ɗaya, domin duk yaron da ke fitar da haƙori sai ya gwagwiyi wannan shinge.

Katifar ta zama mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. Ki danna ta da tafin hannu: in ta lotsa ta bar shaidar hannunki, ba ta yi ba. Ta cika gadon, yadda in kika cusa yatsu tsakaninta da katako, fiye da biyu ba za su shiga ba. Ki kai wa tela ya ɗinka mata riga ta leda mai kauri irin ta asibiti, sannan zanen gado na auduga mai roba a kusurwa, aƙalla uku ga kowane gado, don ɗaya na kai, ɗaya na kan igiya, ɗaya na jira.

Shi ke nan abin da ke shiga gadon. Babu filo, babu bargo mai laushi, babu 'yar tsana, babu soson da ake ɗaurawa a gefe. Na san wannan yana yi wa iyaye wuyar karɓa, don kayan suna sukan zo da saitin filo da katifa mai taushi mai leshi, kuma uwa za ta kawo miki su da murna. Ki karɓa ki yi godiya, ki bayyana mata cewa jaririn da bai iya juya kansa sosai ba, in fuskarsa ta nutse a abu mai laushi, ba shi da ƙarfin ɗagowa. A rigingine ake kwantar da shi, kowane lokaci, har ya cika shekara. In ya kai ga juyawa da kansa ta kowane ɓangare, sai a bar shi yadda ya juya, amma ke dai a bayansa za ki ajiye shi. Masu tsoron kada tumbuɗi ya shaƙe shi su kwantar da hankali, jariri mai lafiya da ke rigingine yana haɗiye shi ko ya tofar.

Da sanyi, a ƙara masa riga mai dogon hannu da wando mai safa maimakon a lulluɓe shi. In dole sai an rufa, a yi da zane marar kauri, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ya tsaya a ƙirji, ƙafafun yaron kuma suna taɓa ƙarshen gado don kada ya zame ciki. A cire hula in zai yi barci a ɗaki. Iyaye da yawa sukan kawo yaro da suwaita da hula da safa da tawul ko a tsakiyar bazara. Ki sa hannu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In kin ji gumi, ki rage kaya. Sanyin tafin hannu da ƙafa ba ma'auni ba ne.

Kowane gado da gidan sauronsa, musamman daga Yuni zuwa Oktoba. In sabo ne mai magani, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. A rataye shi sama sosai, a ja shi ya miƙe, a cusa bakinsa ta wajen gado, don kada ya yi lilo inda jariri zai kamo shi ya naɗe. Maganin sauro na hayaƙi da turaren wuta ba su da wuri a ɗakin. In za a fesa magani, sai bayan an ɗauke yara da yamma, kuma a buɗe tagogi da asuba. Ki bar tazarar kusan mita ɗaya tsakanin gado da gado, saboda mura ba ta da wuyar tsallakawa.

Game da gwanjo, akwai kaya masu kyau a ciki, amma akwai waɗanda aka kora daga ƙasashensu suka sauka a kasuwanninmu. Amurka ta haramta sayar da gado mai gefen da ake saukewa a 2011 bayan mutuwar jarirai da suka maƙale a cikinsa. A 2019 aka janye kujerar barci mai gangare ta Fisher-Price da ake kira Rock 'n Play, a 2022 kuma aka yi dokar hana irin waɗannan kujeru da soson gefen gado gaba ɗaya. Duk abin da ke kwantar da jariri a karkace, kansa na iya rinjayowa gaba ya toshe masa numfashi. In yaro ya yi barci a kujerar lilo ko a kujerar mota da aka kawo shi ciki, ki ɗauke shi ki mayar gado. Katifar gwanjo kuwa kada ki saya ko kyauta ce.

Mataki na uku: kayan ciyarwa

Jariri ɗan ƙasa da wata shida nono zalla ake so ya sha, ko ruwa ba ya buƙata, ko da a zafin Afrilu. Aikinki shi ne ki sauƙaƙa wa uwa ci gaba da hakan. Ki tanadi kujera ko tabarma a wani lungu mai labule inda za ta zauna ta shayar da safe kafin ta wuce, da kuma in ta samu ta leƙo da rana. Uwar da ke aiki a Samaru ta kawo ɗanta gidan raino a Samaru tana iya yin hakan, kuma yana daga cikin abin da za ki tallata.

Nonon da aka tatsa yana da lokaci. A ɗaki mai sanyi-sanyi yana kai awa huɗu. A firji yana kai kwana huɗu, in wuta ba ta yanke ba. Tunda ba za ki dogara da wuta ba, ki sayi kula mai kyau da ƙanƙarar roba da ake daskarewa, ko ki yi ciniki da mai sayar da ƙanƙara a unguwa ya riƙa kawo miki kowace safiya. A cikin kula mai ƙanƙara nono na iya yini da kwana. Uwa ta zuba a ƙananan robobi masu murfi, kowanne na sha ɗaya. Ki sayi farin salatif da alƙalamin da ba ya gogewa, ki rubuta sunan yaro da lokacin da aka tatsa a jikin kowace roba tun a gaban uwar. Ba ƙaramin abu ba ne a ba wa yaro nonon wata uwa. Ban da batun cuta, akwai hukuncin shayarwa a addini wanda iyaye ba za su ɗauke shi da wasa ba.

In za a ba shi, a tsoma robar a kwanon ruwan ɗumi, a juya ta a hankali, a ɗiga a bayan hannu a ji. Ba a ɗora nono a wuta. Abin da ya rage bayan ya sha, in ya wuce awa biyu a zubar.

Ga masu shan madarar gwangwani, kina buƙatar butar dafa ruwa da fulas mai riƙe zafi. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, wato wanda aka tafasa aka bari bai wuce minti 30 ba. A fara zuba ruwa, sannan gari, da cokalin da ya zo a cikin gwangwanin, a shafe shi daidai baki. Kada a ƙara ruwa don madara ta yi auki, kada a ƙara gari don yaro ya yi ƙiba. A sanyaya fidar a cikin ruwan sanyi. Wadda aka dama ba a sha ba, awa biyu ne iyakarta. Kuma kowane irin ruwa ne sai an tafasa, na famfo ne, na burtsatse ne, na 'yan ga-ruwa ne ko na leda.

Kowane yaro da fidarsa, aƙalla biyu, da kofinsa da kwanonsa da cokalinsa, kowa da launinsa don kada a rikice. In uwa ta yarda, ƙaramin kofi marar murfi ya fi fida sauƙin wankewa, kuma jariri ɗan wata huɗu na iya koyon sha da shi in an tallafe shi a zaune an bar shi ya riƙa lasa. Ki ware tukunya ɗaya mai murfi wadda ba a girki da ita, da burushin wanke fida, da ƙaramin baho, da mazubi mai murfi. A warware fida gaba ɗaya, a wanke da sabulu har cikin kan robar inda madara ke maƙalewa, a nutsar a ruwa a tafasa minti 10, a kife ta bushe da kanta. Kada a goge da tsumman kicin. Sannan ba a jingina wa jariri fida da filo a tafi wani aiki. A hannu ake ba shi, ana kallon fuskarsa.

Daga wata shida abinci ya shigo: kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, dankalin Hausa da aka dama, wake, ƙwai dafaffe, ayaba, gwanda. Ki sami kujerar cin abinci mai bel guda ɗaya ko biyu, mai faɗin ƙafafu da ba ta rinjaya. In babu, cinyarki ta isa, muddin yaron a zaune yake. Ɗura kuwa, wato a toshe hanci a zuba kunu, ki haramta ta ga duk mai aiki a gidanki, domin kunun na iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Zuma ba ta shiga bakin yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, alawa da guguru su ma a nesanta su.

Mataki na huɗu: wurin canji da wanke hannu

Gudawa ita ce ke rufe gidan raino. Yaro ɗaya ya zo da ita ranar Litinin, kafin Alhamis ta zaga kowa, kuma hannun mai raino ne ke kai ta. Saboda haka wurin canza famfas ya kasance can nesa da inda ake haɗa abinci, kuma ba a sauya masa wuri. Ba sai kin sayi tebur ba. Shimfiɗar leda mai soso a ƙasa ta fi aminci, tunda ba a faɗowa daga ƙasa. A kusa da ita, a kan wata kanta, ki jera auduga, kwanon ruwan ɗumi, safar hannu ta roba, ledoji, da bokiti mai murfi wanda ake buɗewa da ƙafa. Ga masu amfani da nafkin na tsumma, a zubar da kashin a masai, a ƙulle nafkin ɗin a leda a ba uwa. Kada ki ɗauki nauyin wanke su a haɗe.

Dab da wurin ki ajiye bokiti mai famfo a kan kujera, da baho a ƙasa, da sabulu. Wannan bokitin ya fi duk wani abin wasa da za ki saya daraja. A wanke hannu bayan kowane canji, kafin kowane ciyarwa, da bayan share majina. A wanke na yaron ma. Shimfiɗar kuma a goge ta bayan kowane yaro da ruwan bilic: in irin na kasuwa ne mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, babban cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa ya isa, a haɗa sabo kowace safiya. Da shi za a goge ƙasa da fo da mariƙin ƙofa.

Sai ki kula da ruwan da kika tara. Mun saba cika bokitai da baho saboda ƙarancin ruwa, amma yaro mai rarrafe na iya nutsewa a ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba, cikin shiru, in ya kifa kai a bokiti. Duk ruwan ajiya ya kasance a jarka mai murfi ko a ɗakin da ke kulle. Bahon wanka a zubar da shi nan take. Haka kananzir, bilic, fiya-fiya da maganin ɓera, a kulle su a sama, kuma kada a taɓa zuba su a robar lemo.

Kowane yaro ya sami kwando ko aljihun kabad mai sunansa: kayan canji biyu ko uku, tawul, soso, man shafawa. Da hunturu fata da leɓe sukan tsage, man kaɗe ko basilin marar ƙamshi ya wadatar. Hoda ba dole ba ce, ƙurarta na shiga huhu. Ƙwallon kafur da ake sawa cikin kaya don kyankyaso, ki fitar da shi daga gidan, domin yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani.

Mataki na biyar: ƙasa da kayan wasa

Jariri in ya farka, ƙasa yake buƙata. Ki shimfiɗa leda mai kauri ko tabarmar soso da ake iya gogewa. Kafet mai gashi na tara ƙurar hunturu da fitsari, ba ya wankuwa. A bar takalma a waje. A riƙa kifa ƙananan a kan cikinsu na 'yan mintuna sau da yawa a yini, kina zaune kusa, don wuya da kafaɗa su yi ƙarfi.

Kayan wasa kaɗan sun isa: kacau-kacau, ƙwallo mai laushi, kofunan roba da ake jerawa, ludayi, littafi mai kaurin shafi. Gwajinsu mai sauƙi ne. Ki ɗauki kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida, duk abin da ya wuce ta cikinsa zai iya maƙalewa a maƙogwaro. Ki ja idon 'yar tsana da maɓallinta ki ga ko za su cire. Abin da ke amfani da ƙaramin batir mai kama da kwabo kada ya shigo, don in an haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin awanni. Wanda aka sa a baki a jefa shi a baho na musamman, a wanke da yamma.

Keken koyon tafiya ki bar shi a kasuwa. Kanada ta haramta shi tun 2004. Ba ya koya wa yaro tafiya, sai dai ya kai shi bakin matakala ko murhu da saurin da ba za ki cim masa ba. Ki sayi zannuwan goyo da majanyi masu kyau a madadinsa, don goyo ne ke lallashin mai rigima ya bar miki hannuwa. Ki dai tabbata fuskarsa a buɗe take, ba a ƙarƙashin hijabi ba, kuma ba a goya yaro a je gaban wuta. Talabijin da waya ba su da amfani ga ɗan ƙasa da shekara biyu. Muryarki da waƙar reno sun fi masa.

Mataki na shida: akwatin taimakon gaggawa

Ki sayi ma'aunin zafin jiki mai lamba wanda ake sawa a hammata, da filasta, bandeji, auduga, almakashi, safar hannu, ruwan gishiri na ɗiga wa hanci, fakitin ORS (garin ruwan gishiri da sukari na masu gudawa) da ƙwayar zinc, da tocila. Zafin da ya kai digiri 38 zazzaɓi ne. In jaririn bai kai wata uku ba, asibiti za a nufa nan take. Haka in yaro ya ƙi shan komai, yana amai ba tsayawa, numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ki san hanyar asibiti mafi kusa da ke tun yau, ko Gambo Sawaba ne a Ƙofar Gayan, ko Shika, ko cibiyar lafiya ta unguwa, kuma ki riƙe lambar mai Keke Napep biyu da za su zo in kin kira.

Magani kuwa, kada ki ba ɗan kowa sai wanda uwarsa ta kawo da rubutun ma'aikacin lafiya da adadin da za a ba. Maganin haƙori da na sa barci da jiƙe-jiƙe ba su da gurbi a akwatinki. Mutanen garin nan ba su manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, kuma asibitin koyarwa na nan Zariya na cikin waɗanda suka karɓi yaran. Mai fitar da haƙori a ba shi zoben roba mai tsafta ya ciza. In yana zawo ko zazzaɓi, a nemi dalilin a asibiti, kada a ɗora wa haƙori.

Ki koyi ceton jaririn da abu ya shaƙe: a kifa shi a kan damtse kansa ƙasa-ƙasa, a buga tsakanin kafaɗu sau biyar, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar, a maimaita. Karantawa kaɗai ba ta isa ba. Ki nemi ma'aikaciyar jinya ko 'yan Red Cross su nuna miki da hannu, ke da mai taimaka miki.

Mataki na bakwai: littafi da ranar gwaji

Ki sayi babban littafi mai kauri, kowane yaro da shafukansa. A farko ki rubuta lambar uwa da ta uba da ta wani na uku, abin da jikin yaron ba ya so, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi. Wanda ba ya cikin jerin ba a miƙa masa yaro, ko ya ce shi kawu ne, sai kin kira uwar kin ji daga bakinta. Ki nemi ganin katin rigakafi ki kwafi ranakun: na haihuwa, na mako 6, 10 da 14, da na ƙyanda a wata 9, don ki riƙa tuna wa uwa in lokaci ya matso. A kullum kuma ki rubuta ƙarfe nawa ya sha, nawa ya sha, sau nawa aka canza shi, yaushe ya yi barci. In an je asibiti, waɗannan ne tambayoyin da likita zai fara yi.

Kafin uwa ta koma aiki da mako ɗaya, ki ce ta kawo shi na awa biyu tana nan zaune, washegari ta bar shi rabin yini. A nan za ki gane ko yana karɓar kofi ko fida, yadda ake lallashinsa, da abin da ya rage ba ki tanada ba. Ki roƙe ta ta bar miki zanenta ɗaya da ta yi amfani da shi, ki riƙa goya shi da shi a kwanakin farko, ki cire in za ki kwantar da shi a gado. Ki kuma gaya mata tun ranar cewa in ya kwana da zazzaɓi ko gudawa, a gida zai zauna har ya warke, kuma ki rubuta wannan sharaɗi a takardar da ku biyu za ku sa wa hannu.